Yadda Ake Gwada Ƙarfin A-kori-kura Mai Manyan Tayoyi a Kan Daino

Duk wanda ya cire tayar kamfani ya ɗora wa a-kori-kurarsa mai inci 35 ko 37 ya san abin da ke biyo baya. Motar ta yi kwarjini, ta daina tsoron rami da taɓo, amma ranar farko da ya taka totur sai ya ji kamar an ɗaura mata kaya a baya. Daga nan zuciya take fara raya masa cewa inji ne ya sanyaya, sai ya nufi wurin masu daino, wato na'urar auna ƙarfin mota, don a faɗa masa ƙarfin dokin da ya rage wa injin. Ina goyon bayan wannan tafiya ƙwarai, domin awo ya fi zato. Sai dai akwai abin da nake so ya zauna maka tun kafin ka kunna mota: dainon da ake hawa da taya yana auna abin da ya iso inda roba ta taɓa ƙarfe ne, ba abin da ya fito daga inji ba. Tayarka tana cikin ma'aunin. Idan ba ka yi lissafinta ba, takardar da za a miƙo maka za ta yi maka ƙarya, kuma tayar kanta tana iya fashewa a ɗakin da mutane ke tsaye.

Da farko, san irin dainon da za ka hau

Iri uku ne za ka tarar. Akwai wanda ganga ce kawai mai nauyin gaske, an san nauyinta, mota ta murza ta, kwamfuta ta duba saurin da gudunta ke ƙaruwa ta fitar da ƙarfin doki. Dynojet ya yi suna a wannan, samfurinsa na 224 gangarsa inci 24 ce, na 248 kuma inci 48. Akwai wanda aka haɗa wa birkin maganaɗisu, wanda mai aiki zai iya ƙara wa mota nauyi da shi kamar tana hawa tudu, ko ya riƙe ta a gudu ɗaya. Irin na kamfanin daino na Mustang ke nan. Na uku shi ne wanda ake kwance tayoyin gaba ɗaya a ɗaura na'urar a kan notocin da rim ke zama, kamar Dynapack.

Wanne ya dace da kai? Ya danganta da tambayar da ka zo da ita. Idan so kake ka san lafiyar inji, ko za a gyara masa saiti a kwamfuta, na ukun nan ya fi, domin ya fitar da taya daga cikin maganar: babu sulɓi, babu zafin roba, babu fargabar fashewa. Sai dai ka tambaya ko suna da farantin da ya dace da notocinka, musamman in motar mai noti takwas ce, kuma ko na'urar za ta ɗauki ƙarfin murɗar da ke fita a aksul, wanda ya ninka na inji sau da yawa. Idan kuwa so kake ka san abin da manyan tayoyin suka ci maka, dole ka hau ganga da su. Mai injin dizal da turbo ya nemi mai birki, domin turbo ba ya cika iska sai inji ya ji nauyi, ganga zalla kuwa takan ƙare kafin ya gama farkawa.

Wajen ganga, babba guda ɗaya ta fi ƙanana biyu ga irin tayarka. Ƙananan rola biyu an tsara tazararsu ne don tayar mota madaidaiciya ta nutse a tsakani. Taya mai inci 37 ba ta nutsewa sosai, a sama take zama, don haka tana saurin neman hawa rolar gaba ta fita. Ga shi kuma wuri biyu ake matsa ta a kowane juyi, zafi ya ninku.

Kafin ka tafi, kira su ka faɗa musu abubuwa huɗu: faɗin motar daga gefen waje na taya zuwa gefen waje na ɗayar, tsayinta bayan ɗagawar da aka yi mata, nauyin da ke kan aksul ɗin baya, da kuma ko ƙafa huɗu take ja kullum. Rim mai fitowa waje da taya mai faɗin inci 12.5 suna iya wuce bakin ganga, kuma ba a gwaji da taya tana leƙe.

Lissafin da za ka yi a gida

Nan ne zan daɗe, domin nan ne akasari ake yin kuskure, kuma biro da takarda kawai yake buƙata.

Fara da auna tayar da kanka. Lambar da ke jikinta suna ne, yawancin tayoyin da aka rubuta wa 35 ba su cika 35 ba, balle in mota ta danne su. Ka tsaya a daɓe mai laushi, ka ja alli a gefen taya daidai inda ta taɓa ƙasa, ka ja a ƙasan ma. Tura motar a hankali har alamar ta zagayo ta sake taɓa ƙasa, ka sake ja, ka auna tsakanin layukan biyu. Wannan shi ne kewayen tayarka na gaskiya da iskar da ke cikinta. A misalin da zan bi da kai zan ɗauka inci 35 ce cif, kewayenta mita 2.79, kuma tayar kamfanin da aka cire 265/70R17 ce, wadda tsayinta inci 31.6 ne.

Raba 35 da 31.6, za ka samu 1.108. Wato kowane juyi na sabuwar taya ya fi na tsohuwar nisa da kusan kashi 11 cikin 100. Abu uku ne ke fitowa daga wannan lamba.

Na ɗaya, malejinka yana rage maka gudu. In ba a gyara shi a kwamfutar motar ba, lokacin da ya nuna 100, kana kan kusan 111. Yawancin irin waɗannan motoci kamfani ya sa musu iyakar gudu a wajen kilomita 160 a awa, kuma da wancan malejin kwamfuta take aiki. Ke nan ba za ta yanke maka mai ba sai tayar ta kai wajen 177. Mai gadin da ka dogara da shi agogonsa ya lalace.

Na biyu, rabon aksul ɗinka, wato yawan juyin da farfela (sandar da ke kai ƙarfi daga giyabos zuwa aksul) take yi kafin taya ta yi juyi ɗaya, ya zama kamar an rage shi. In 3.73 ne, yanzu yana aiki kamar 3.37. Wannan shi ne babban dalilin nauyin da kake ji a ƙafa, kuma ba laifin inji ba ne ko kaɗan. Don dawo da shi yadda yake, 3.73 sau 1.108 ya ba da 4.13, shi ya sa masu inci 35 suke komawa 4.10, wasu su zarce 4.56 saboda nauyin tayar.

Na uku shi ne wanda ya shafi rai. Duba gefen tayarka, bayan lambar nauyi akwai harafi guda da ke nuna iyakar gudun da tayar za ta iya ɗauka. N na nufin kilomita 140 a awa, P 150, Q 160, R 170, S 180, T 190. Tayoyin taɓo masu manyan haƙora da yawa Q ne. Al'adar masu daino kuwa ita ce su yi gwaji a giyar da juyin inji da na farfela suke daidai, ɗaya da ɗaya, domin a nan ne giyabos ya fi ƙarancin cin ƙarfi. To, lissafa gudun da hakan zai kai ka: juyin inji a minti, a raba da rabon giya, a raba da rabon aksul, a ninka da kewayen taya, a ninka da 0.06. Injin fetur da za a kai 5500, a giya ɗaya da ɗaya, da aksul 3.73 da kewaye 2.79, ya ba da kilomita 247 a awa. Taya mai harafin Q, mai nauyin kilo talatin ko fiye, tana juyawa a 247 cikin ɗaki. Kada ka yarda, ko wa ya ce maka na 'yan daƙiƙu ne.

Juya lissafin ka nemo giyar da ta dace. Don tsayawa a 160, tayar nan ba za ta wuce juyi 955 a minti ba, farfela kuma 3565. Raba 5500 da 3565, ka samu 1.54. Giyar da za ka yi gwaji da ita rabonta ya zama 1.54 ko sama. A giyabos ɗin 6L80 na GM, misali, giya ta uku 1.53 ce, ta huɗu 1.15, ka ga ta ukun ma a bakin iyaka take, sai ka ɗaga ƙafa a 5300, wanda ya tsaya wajen 155. A giyabos mai giya takwas na ZF ta shida ce ɗaya da ɗaya, a mai giya goma na Ford kuma ta bakwai, duk sun yi maka nisa. Mai dizal ya fi samun sarari: a 3200, giya ɗaya da ɗaya, gudun 144 ne.

Ka tuna da farfela ma. Doguwa ce, kuma kowace doguwar sanda tana da juyin da in ta kai sai ta fara lanƙwasa tana kaɗawa. Motar da aka ɗaga kuma kusurwar gaɓoɓin farfelarta ta ƙaru. Zaɓen ƙaramar giya yana kare ta kamar yadda yake kare tayar.

Shirin motar

Zauna a gaban kowace tayar da za ta juya da sukudireba a hannu, ka bi haƙoranta ɗaya bayan ɗaya kana ƙwaƙule tsakuwa. Na taɓa tsayawa a gefe ana gwada wata mota da mai ita ya ce ya wanke ta tas. Gudu na kaiwa tsakiya sai muka ji ƙas, ƙas, sannan wata ƙara mai ƙarfi. Da aka tsaya, ga ɗan dutse bai fi kan yatsa ba ya lotsa kwanon ƙofar da ke bayan motar, daidai tsayin ƙirjin mutum. Busasshen taɓon da ya manne a cikin rim shi ma a kankare shi, domin yana ɓata daidaiton taya, kuma girgizar da kake jurewa a 90 wata aba ce daban a 150.

Kana nan zaune, duba gefunan. Kumburi, yanka, tsagewar tsufa, ko facin da aka yi kusa da gefe, kowanne ya isa a fasa gwajin. Lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT a gefen taya suna faɗa maka shekarunta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Rim irin mai zobe da ƙusoshi da ke danne leɓen taya, wanda ake amfani da shi wajen hawan duwatsu, ni dai ba na son ganin sa a kan ganga. In babu makawa, a bi ƙusoshin duka da sifana mai awo. Haka notocin taya da na duk wani farantin da aka sa don fito da rim waje.

Iska: in ka saba rage ta zuwa 18 ko 20 don yashi, mayar da ita. Taya mai laushi tana lanƙwasa a kan ganga fiye da yadda take yi a kan titi, ta yi zafi, ta ci ƙarfi. Sa mata iskar tafiyar titi ko ka ɗan ɗara, amma kada ka wuce abin da aka rubuta a gefenta. Tayoyin biyu su zama daidai, ka rubuta lambar, domin duk ranar da za ka dawo da ita za ka dawo.

Sauran kuwa sananne ne: baƙin mai, ruwan lagireto, man giya da na aksul, bel, da tabbatar da babu yoyo. A sauke kayan da ke bodi. A zuba man da aka saba sha. In akwai fitilar gargaɗi a kunne, a gano dalilinta tukuna.

In motarka mai zaɓi ce, sa ta a 2H, wato jan ƙafa biyu kawai. In kuwa kullum ƙafa huɗu take ja, sai daino mai ganga gaba da baya, wanda zai fi kyau a ce gangunansa a haɗe suke suna juyawa tare. Cire farfelar gaba dabara ce da wasu ke yi, amma a wasu motocin tana ƙona kulocin da ke cikin akwatin raba ƙarfi, don haka kada a yi ta da ka.

Hawa da ɗauri

A hau da tayoyin baya daidai ƙoƙon ganga. Kafin a matse komai, mai aiki zai sa giya ya bar tayoyin su juya a hankali, motar za ta ɗan karkata da kanta har ta daidaita. Sannan a sa waigi a tayoyin gaba a ɗaure.

Motar da aka ɗaga tana da matsala a nan. Ƙugiyoyin ƙasa an kafa su ne don mota mai tsayin kamfani, don haka igiyar da aka kai shasin motarka takan miƙe tsaye, ta ja ƙasa maimakon baya. Ga kuma dogayen sifirin masu laushi: ka matse igiya a shasi, a taka totur, bayan motar ya durƙusa, igiya ta saki. Shi ya sa aka fi son ɗaura manyan igiyoyin baya a jikin aksul kansa, nesa da bututun birki da wayar ABS da salansa, biyu a miƙe biyu a gicciye don hana ta zamewa gefe. Gaba ma a ɗaure. Matsin kuma yana da iyaka ta kowane ɓangare. Ya yi kaɗan, taya ta yi sulɓi. Ya yi yawa, ka danne roba a kan ƙarfe, lambar ta sauka, zafi ya tashi. Ka lura da yadda aka ɗaura, ka ɗauki hoto.

A kafa babbar fanka a gaban lagireto, kuma a ɗaga ta, domin fankar da ke ƙasa iskarta ƙarƙashin motarka za ta bi ta wuce. A haɗa bututun zuƙe hayaƙi a salansa. Kowa ya toshe kunne. Kada kowa ya tsaya a baya, ko a gefe daidai layin taya.

Wayar juyin inji

Wannan ƙaramin abu ne da ke ɓata takardu masu yawa. Daino yana gane ƙarfin doki daga ganga, amma ƙarfin murɗa lissafa shi yake yi: doki sau 5252, a raba da juyin inji. Ke nan sai ya san juyin inji na gaskiya. Hanya mai kyau ita ce a ɗauko shi daga injin kansa, ta wayar kwayil, ko ta ramin OBD da ake jona kwamfutar duba mota, ko a dizal ta ɗan idon na'ura da ke kallon alama a jikin fuli. Hanya ta biyu ita ce a gaya wa kwamfuta cewa gudun ganga kaza daidai yake da juyi kaza. In aka yi haka da lambobin tayar kamfani, kwamfuta za ta ɗauka inji yana juyi fiye da gaskiya da kashi 11, ta rage maka ƙarfin murɗa da kusan kashi 10. Gane shi ba wuya: ka ɗaga ƙafa a 5300 amma zanen ya ƙare kusa da 5900. In dole a bi hanya ta biyu, a riƙe inji a juyi ɗaya cikin giyar gwajin a saita daga nan. Ko da haka, a mota mai giyar otomatik ba ta da tabbas muddin kwanbata, wadda ke haɗa inji da giyabos, tana sulɓi.

Gwajin kansa

Kashe na'urar hana sulɓi da ta daidaita tafiya gaba ɗaya. Tayoyin gaba suna tsaye, na baya suna gudu, motar za ta ɗauka santsi ta hau, ta rage mai ko ta taka birki da kanta. Fitilar ABS na iya kamawa, yawanci takan mutu bayan an koma titi.

A yi tafiyar ɗumi ta wasu mintuna a gudu matsakaici, har ruwa da man giya da man aksul su kai zafin aiki. Mai sanyi yana da kauri, yana cin ƙarfi. A wannan lokacin ne za ka saurara. Tayar taɓo a kan ganga kuka take yi, wannan ba komai. Abin da kake nema shi ne tsalle, ko girgizar da ke ƙaruwa da gudu, ko bayan mota yana lilo gefe da gefe. A tsaya a sake matse igiyoyi, domin sukan saki bayan ɗumi. Ja na farko, wato zagayen farko na taka totur ana awo, a yi shi rabi, a tsaya a juyi 3500 ko makamancin haka, a duba cewa gudun da daino ya nuna ya yi daidai da lissafinka na gida.

Sannan cikakken ja. A kulle giyar da aka zaɓa da hannu. A fara daga wajen juyi 2000 zuwa 2500 a fetur, ƙasa da haka a dizal, a taka totur har ƙasa cikin natsuwa. A giyar otomatik, taka da ƙarfi daga juyi kaɗan yakan sa ta sauko giya, sai ka ga wani tsauni a farkon zanen wanda ba na inji ba ne. In haka ta faru a fara daga juyi mafi sama. A kai inda aka yi alkawari, a ɗaga ƙafa, a sa firi, a bar birkin daino ya tsayar da ganga. Kada a taka birkin mota: nauyin gangar ya fi abin da birkin baya zai sha, kuma yana jijjiga ɗaurin.

Ido ɗaya yana kan inji. A fetur marar turbo, haɗin iska da mai a cikakken totur yakan zauna wajen kashi 12.5 zuwa 13 na iska ga kashi ɗaya na mai, in ya haura zuwa 14 ko aka ji ƙwanƙwasa a ɗaga ƙafa nan take. A dizal, zafin hayaƙi kafin turbo ne abin dubawa, masu aikin sukan ja layi a wajen digiri 680 na Salshiyas.

Tsakanin ja da ja a bar fanka tana aiki na 'yan mintuna, sannan, bayan komai ya tsaya cik, je ka ɗora tafin hannu a kan tayar. Ɗumi daidai ne. In ba ka iya barin hannunka a kai, ko ka ga baƙin garin roba ya taru a bayan ganga kamar an zuba toka, ko gefen haƙoran ya yi sheƙi, tayar tana sulɓi ko tana dahuwa. Ja uku sun isa. In biyu daga ciki sun kwanta kusan a kan juna, ka samu lambarka. In kowanne yana ƙasa da na bayansa, zafi ne, a ƙara hutu.

Karanta takardar

Dubi ƙasan takarda tukuna, inda aka rubuta ma'aunin gyara. Ƙarfin inji yana canzawa da zafi da nauyin iska, don haka kwamfuta takan mayar da sakamako zuwa wani yanayi da aka amince da shi. Ma'aunin da ake kira SAE J1349 yana ɗaukar zafin digiri 25 da busasshiyar iska mai kilofaskal 99. Wanda ake rubuta wa STD yana ɗaukar iska mafi sanyi da nauyi, lambarsa takan fi ta SAE da wajen kashi 4 cikin 100. Takardu biyu masu ma'auni daban ba sa kwatantuwa, haka ma na daino biyu daban, ko na giya biyu daban.

Lambarka za ta yi ƙasa da wadda kamfani ya tallata, domin tasu a bakin inji aka auna. Za ka ji ana cewa a ƙara kashi 15 ko 20 don gano ta inji. Ni ban ba wannan muhimmanci ba, musamman a motar da ke da giyar otomatik, akwatin raba ƙarfi, babban aksul da tayar taɓo, inda babu wanda ya san rabon kowanne. Kintace ne aka sa wa rigar lissafi.

Ana yawan ɗora wa nauyin taya laifin duka, to bari mu auna shi. A ce kowace sabuwar taya ta fi tsohuwar da kilo 12, biyu kilo 24, a ce ma duk nauyin a bakin taya yake. In gudu yana ƙaruwa da kilomita 10 a kowace daƙiƙa, a daidai 160 abin da wannan nauyin ke ci bai wuce doki 4 ba. In ja ya ninka sauri, kamar yadda yake faruwa a ƙaramar giya a kan ganga zalla, ya zama 8. Saura duk yana tafiya ne a lanƙwasar roba, motsin dogayen haƙora, sulɓi da matsin igiya. Shi ya sa daino mai birki, wanda zai iya jan gwajin a hankali ko ya riƙe gudu ɗaya, yake nuna asara ƙasa da ta ganga zalla a mota ɗaya.

Siffar zanen ta fi ƙololuwarsa faɗar gaskiya. Ƙananan haƙora a layin yawanci tsallen taya ne. Layin da ya faɗi farat ɗaya a tsakiya alhali juyin inji ya yi sama sulɓi ne. Wanda ya yanke kamar an sare shi a gudu ɗaya kullum, iyakar gudun kwamfuta ce. In layin ya hau sumul ya sauka sumul a inda injin irin naka ya saba, injinka lafiya lau, nauyin da kake ji a titi na aksul ne, kuma canza haƙoran aksul ne maganinsa. Ka sani kuma, bayan ka canza su motar za ta farfaɗo a ƙafarka amma dokin da ke takarda ba zai ƙaru ba, yana iya ma ɗan raguwa a ganga zalla saboda ja ya yi sauri.

In har kana da tsofaffin tayoyin kamfani a ajiye, ɗauko biyu ka zo da su. Ja uku da manya, a canza na baya, ja uku da ƙanana, rana ɗaya, daino ɗaya, giya ɗaya, ma'aunin gyara ɗaya, ɗauri iri ɗaya. In juyin inji ta gudun ganga ake lissafa shi, a sake saita shi bayan canjin. Tazarar da ke tsakanin layukan biyu ita ce ainihin abin da tayoyin suka ci, kuma ita ce lambar da na fi yarda da ita a duk abin da za ka fito da shi daga ɗakin.

A bayan takardar ka rubuta girman taya da kewayen da ka auna, iskar da ke ciki, giyar da aka yi amfani da ita, juyin da aka fara da wanda aka tsaya, irin man da ke tanki da zafin ranar. Ka nemi a ba ka fayil ɗin gwajin, ba hoton kawai ba. Bayan an sauko da motar, leƙa ƙarƙashi ka duba inda igiyoyi suka kama ko sun goge bututu ko waya, kunna na'urar hana sulɓi, ka jira tayoyin su huce kafin ka daidaita iskarsu. In an kwance taya a wurin, ka sake bin notocin da sifana mai awo bayan tafiyar kilomita 80.